Lubban, Hano da Ƙaro: Amsoshin Tambayoyinku Kafin Ku Saya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa turaren wuta ina sayarwa a Kano. Na sayo lubban kashi biyu a kasuwar Kurmi, ɗaya aka ce na Oman ne, ɗaya na Sudan. Na Oman ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙamshinsu bai zo ɗaya ba. Shin ɗayan jabu ne? Wanne zan riƙa saye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, bambancin ƙamshi kaɗai ba ya nuna algus. Itatuwa biyu ne 'yan gida ɗaya, kowanne da irin ƙaronsa.

Ƙamshin da ke tashi idan kin ɗora lubban a garwashi, yawancinsa daga wasu sinadarai yake da ake kira tarpin. Bishiya tana gina su ne daga ɗan guntu mai ƙwayar kabon 5. Ta haɗa biyu ta sami mai 10, uku mai 15, huɗu mai 20, shida mai 30. Masani Leopold Ruzicka, wanda ya sami kyautar Nobel a 1939, ya yi fice wajen bayyana wannan tsari. To amma haɗa guntayen somin taɓi ne. Abin da ake samu da farko doguwar sarƙa ce miƙaƙƙiya. Sai wasu ma'aikata da ke cikin ƙwayoyin halittar bishiyar, waɗanda ake kira enzayim, su karɓe ta. Ki ɗauke su kamar maƙera: ƙarfe ɗaya za ki kai, wannan ya ƙera lauje, wancan ya ƙera fartanya. Wani enzayim ya lanƙwasa sarƙar mai kabon 10 ta zama finin, mai ƙamshi sanyi-sanyi mai ratsa hanci. Wani ya lanƙwasa ita wannan sarƙar dai ta zama limonin, irin ƙamshin ɓawon lemu. Kowane jinsin bishiya da maƙeran da ya gada, shi ya sa ƙamshi yake bin jinsi, sannan ƙasa da ruwan sama da lokacin ɗiba su ƙara nasu.

Lubban na Oman daga Boswellia sacra yake fitowa, wadda ke tsirowa a yankin Zufar na Oman da Yaman da arewacin Somaliya, kuma finin ne ya fi yawa a mansa. Na Sudan da Habasha da Iritiriya galibi Boswellia papyrifera ne, wanda wani sinadari daban mai ƙamshin lemu ya rinjaya a cikinsa. Dukansu lubban ne na gaskiya.

Shawarata: idan haɗi za ki yi da itace da suga da turaruka masu ƙarfi, sayi na Sudan. Lallausan ƙamshin na Oman zai nutse a cikin haɗin, kin biya kuɗin abin da mai saye ba zai ji ba. Na Oman, musamman farin nan mai ɗan kore da ake kira hojari, ki ajiye shi don masu son ƙona shi zalla.

Tambaya: Ni dattijo ne a Zariya, gwiwa ta dame ni. Ɗana ya ce a intanet ana yabon man lubban, ƙaramar kwalba amma da tsada. In saya?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Idan don gwiwar ce, kada ka saya, kuma ga dalili.

Abin da masu bincike suka fi mayar da hankali a kai game da kumburi da ciwon gaɓɓai shi ne wani rukunin sinadarai na lubban da ake kira boswelik asid. Waɗannan daga manyan tarpin suke, masu kabon 30, kuma wasu maƙera daban ne ke gina su, sannan wasu enzayim su maƙala musu iskar oksijin. Nauyi gare su. Shi kuma man da ake sayarwa a 'yar kwalba, da tururi ake tatso shi, tururin kuwa ƙananan sinadarai masu tashi kawai yake iya ɗauka. Masu nauyin a tukunya ake barinsu. Wato kwalbar nan ƙamshi ce a cikinta, abin da ɗanka ya karanta labarinsa bai shiga ba.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ciwon gwiwa, da tataccen ƙaron jinsin Indiya aka fi yin su, Boswellia serrata, wanda ake haɗiya a matsayin ƙwaya. Wasu sun nuna sauƙi. Duk da haka ka fara nuna wa likitanka, musamman idan kana shan wasu magunguna. Man kuwa ba a shan sa, kuma ba a shafa shi zalla a fata sai an sirka da wani mai.

Tambaya: Wata mai shirin aurar da 'yarta daga Maiduguri ta ce ta ga garin lubban da araha, ta kuma ga dunƙule-dunƙule da tsada. Ta ya za ta gane mai kyau?

Amsa: Allah ya sanya alheri, Hajiya. Sayi dunƙule, ki daka da kanki ranar da za ki yi aiki da shi. Ƙananan tarpin ɗin nan masu kabon 10 su ne ke fara bugun hanci, su ne kuma ke saurin gudu. A cikin dunƙule suna kulle, taurin ƙaron ya rufe su. Da an niƙa, ƙofa ta buɗe, zafin kasuwa da iska su kwashe. Ban da haka, gari shi ya fi sauƙin algus.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake cuɗawa da shi shi ne ƙaron ɗakwara, domin a ido suna kama. Amma ƙaron ɗakwara dangin suga ne, babu tarpin a cikinsa. Ki jefa guntu a ruwa ki bar shi: na ɗakwara zai narke gaba ɗaya ya zama ruwa mai yauƙi, lubban kuwa sai dai ya yi laushi ya mayar da ruwan fari kamar madara, saura ya zauna. A kasko ma, ɗakwara baƙi take yi da ƙaurin ƙonanniyar alewa, lubban kuwa narkewa yake yana tsartsatsi da ƙamshi. Ki fasa dunƙule ɗaya a gaban mai sayarwa ki shinshina cikin. Idan shiru, tsoho ne. A gida ki zuba a kwalbar gilashi mai murfi, nesa da rana da murhu.

Tambaya: Wani matashi daga Bauchi ya ce akwai itatuwan hano da yawa a tudun da ke bayan gonarsu. Ya ji ana sayen ƙaronsa. Yana so ya sani ko yawan sara zai ƙara masa abin da zai samu, kuma ko ya sayi babbar adda don aikin.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambayar ce ta fi taɓa ni. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, ɗan gidan lubban ne na haƙiƙa. Sunansa a kimiyya Boswellia dalzielii, an sa masa shi ne don wani likita Bature mai suna Dalziel da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Man ƙaronsa ma finin ne ya yi yawa a ciki, kamar na Oman. Abin da ke bayan gonarku dukiya ce.

Sai dai ka fahimci me ya sa bishiyar ke fitar da ƙaro. Ɗaurin rauni ne. Idan an ji mata ciwo, ruwan ya kwararo, ƙananan tarpin su kori ƙwari su hana ƙwayoyin cuta shiga, su bi iska, manyan su daskare su toshe wurin. A itatuwan Turai da Amurka masu ƙaro, masana sun nuna cewa rauni yana tayar da waɗannan enzayim su ƙara aiki, har bishiyar ta buɗe sababbin hanyoyin ƙaro a jikinta. Amma kowace ƙwayar kabon da aka zuba a ƙaro daga abincin bishiyar aka cire ta, kuma da rani ake ɗibar lubban, lokacin da ta zubar da ganye tana cin ajiya.

An ga ƙarshen wannan a gabashin Afirka. An gano cewa itatuwan da ake yawan sara suna ba da iri kaɗan, irin ma ba ya tsira sosai. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan Boswellia papyrifera ya yi hasashen cewa yawan lubban da ake samu daga jinsin zai ragu da rabi cikin shekara 20, saboda yawan sara da gobarar daji da dabbobi masu cinye 'yan tsiro. Namu hanon kuma yana da ƙarin nauyi a kansa, domin ana saɓe ɓawonsa don magani.

Saboda haka bar maganar adda. Ƙaramin ƙarfe mai faɗin baki ya ishe ka, wanda zai kankare saman ɓawo kawai ba tare da ya kai ga itacen ciki ba. Wurare kaɗan a jikin babbar bishiya, ƙananan kuwa kada ka taɓa su. Ka bar kamar mako biyu ƙaron ya taurara kafin ka kwasa. Ɗibar farko ba ta cika kyau ba, ta baya ta fi tsabta, don haka ka ware su kada ka gauraya. Ka raba itatuwan gida-gida, wasu a ɗiba bana wasu su huta. Kafin ka sa hannu kuma, ka nemi izinin masu ƙasar da ma'aikatan gandun daji, sannan ka kai ɗan samfur ga masu turare biyu ko uku ka ji abin da za su taya.