Zauren Tambaya: Wai Girinlan ta kai Afirka girma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwar malama ce, an ba ni darasin labarin ƙasa a ƙaramar sakandare. Duk abin da na tarar na kayan aiki shi ne taswirar duniya guda ɗaya da ta koɗe a bango. Makon jiya wani yaro ya nuna Girinlan ya ce ai ta kusa kai Afirka girma. Na ce a'a, ya ce to ga shi nan a taswira. Na rasa ta cewa. Me zan faɗa masa? Kuma da me zan koyar, tunda ba a ba mu kaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Yaron nan ki riƙe shi da kyau, da idonsa yake karatu, ba hadda kawai ba. Abin da ya gani a bango haka yake, ke ma kuma kin faɗi gaskiya. Faɗin Afirka ya ɗan haura murabba'in kilomita miliyan 30, na Girinlan kuwa miliyan 2 ne da 'yan kai. Sai an jera Girinlan kusan 14 kafin a cika Afirka.

Daga bayaninki, taswirarku irin ta Mercator ce, wani mai zana taswira da ya fitar da ita a 1569 saboda matuƙan jirgin ruwa. Amfaninta a wurinsu shi ne, in ka ja miƙaƙƙen layi a kanta, to za ka iya bin wannan layin da kamfas ba tare da sauya alkibla ba. Amma abin bai zo a banza ba: duk yadda aka yi nisa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, haka ƙasa ke kumbura a kan taswirar. A latitud 60, wato digiri 60 daga ikwaita, nisan da ke kan taswira ya ninka biyu, faɗin ƙasa ya ninka huɗu. Afirka tana zaune a kan ikwaita, sai ta tsaya kusan yadda take, Girinlan da ke can ƙuryar arewa ta yi ta buɗewa.

Kada ki wahalar da kanki da dogon bayani. Ki nemo tsohuwar ƙwallon roba da ta fashe, ki zana mata da'ira biyu masu girma ɗaya, ɗaya a tsakiyar cikinta, ɗaya kusa da ƙoƙon kanta. Ki raba ta biyu, ki ce wa yaron ya shimfiɗa ta a kan tebur ta kwanta lif. Zai danna nan, can ya tashi. Dole sai dai ya tsaga ko ya ja ta miƙe, in kuwa ya ja, da'irorin nan za su sauya siffa. Mai zana taswirar duniya ma zaɓin da ke gabansa ke nan. Wata rana kuma ki kifa taswirar bangon, kudu a sama. Za su yi ca, su ce Malama ta juye. Sai ki ba su labarin Al-Idrisi, wanda ya kammala taswirarsa a 1154 a fadar Sarki Roja na biyu a Sisili, da kudu a sama. Sa arewa a sama al'ada ce kawai.

Batun kaya kuwa, ni na daɗe da daina fara darasin taswira da duniya. Da harabar makaranta nake farawa. Igiya mai ƙulli a kowace mita, takarda, fensir da rula, shi ke nan. Su auna tsawon ajinsu, su auna daga ƙofa zuwa bishiya, a yarda cewa santimita ɗaya a takarda mita biyar ce a ƙasa. Yaron da ya ja igiya a rana har ya yi gumi, in ya ga 1:500 a gindin taswira ba zai ɗauka lambar ado ba ce. Arewa kuma sanda za ta nuna muku. Ki kafa ta a miƙe, yara su riƙa sa tsakuwa a bakin inuwarta tun daga hantsi. Inuwar da ta fi gajarta, wato ta zawali, a kan layin arewa da kudu take kwance.

Da sandar nan aka taɓa auna duniya. Eratostenis, wani masani Bagirke da ke zaune a Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya san akwai ranar da rana ke tsayawa tsaka a garin Aswan na yanzu, babu inuwa, alhali a Iskandariya inuwa na karkata da kusan digiri 7.2. Wannan kashi ɗaya ne cikin 50 na da'ira. Tsakanin garuruwan biyu akwai kimanin kilomita 800, ki ninka sau 50, ga 40,000 ta fito, wanda shi ne kewayen duniya. In kina da ƙawa malama a garin da ke arewa ko kudu da ku sosai, ku auna a rana ɗaya, ku yi musayar sakamako ta waya.

Layukan tsayin ƙasa, wato waɗanda ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya a taswira, su ne ke ba yara ciwon kai. Ki gina ɗan tudu da yumɓu a cikin baho, ki zuba ruwa tsayin yatsa ɗaya, a zaga bakin ruwan da tsinke. A ƙara yatsa ɗaya, a sake zagawa. In an zubar da ruwan, su leƙa daga sama. Inda layukan suka matsu, nan gangaren ya fi tsanani.

Bari in ba ki labarin kuskurena, kada ki maimaita. A shekarata ta farko na ɗauki tocila a matsayin rana, na karkata ƙwallo a matsayin duniya ina zagaya ta don nuna yadda yanayi ke sauyawa. Ashe ina tafiya ina juya karkatar tana bin tocilar, sai arewa ta yi ta shan haske har na dawo inda na fara. Wata yarinya ta ce, to Malam yaushe za a yi sanyi? Karkatar nan ta digiri 23.5 gefe ɗaya take fuskanta duk shekara, don haka ki zaɓi kusurwa ɗaya ta ajin, kan ƙwallon ya riƙa kallonta duk inda kika je. Ki kuma cire musu tunanin cewa kusantar rana ke kawo zafi: a farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da arewacinta ke cikin hunturu.

In kina da intanet ko a waya ne, taswirar intanet ta OpenStreetMap kyauta ce, kina iya buga unguwar makarantarku su gwada da taswirar da suka zana. Google Earth na nuna duniya a dunƙule, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kuma kyauta ne tun 2008. Shawarata dai, wayar ta zo bayan igiya.

Ƙwallon nan kuwa ki yanka ta da kanki kafin ki shiga aji, kada ki ba yara reza.