Injin shanya yana zafi amma kaya ba sa bushewa

Tambayar da yaron shago ya kawo ita ce: "Maigida, injin busar da tufafi ne na wani gida a Sabon Gari, irin na Turai mai tiyo a baya. Ganga tana juyawa, amma zafi ya ɗauke. Na auna, na ga tarmostan (mai yanke wuta in zafi ya wuce kima) da ke jikin rezistans (wayar da ke ba da zafi) ya yanke. Na sa wani na kwance, kwana uku shi ma ya tafi, sai na haɗa ƙafafun biyu da guntuwar waya. Yanzu zafi ya dawo, har saman injin ba ya taɓuwa, amma ko an yi awa biyu kaya da danshi suke fitowa. In aika Kano a sayo sabon rezistans?"

Ɗana, ajiye maganar Kano tukuna. Ka koma gidan nan yau, ba gobe ba, ka zare wayar da ka ɗaura, ka ce kada kowa ya kunna injin sai ka gama. Tarmostan da ka tsallake shi ne mai gadin ƙarshe. Cikin injin nan cike yake da ƙurar zare, ita kuwa tana kama wuta kamar auduga. Abin da ka yi gyaran gangar Auzinawa ne, ga shi kuwa ganga ce a gabanka.

Rezistans ɗin da kake zargi lafiyarsa ƙalau, kai ma ka ba da shaida da bakinka: ka ce saman injin ba ya taɓuwa. Wanda ya mutu ba ya ba da zafi. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba zafi kaɗai ke busar da tufafi ba. Dubi shanyar igiya a hunturu: ga sanyi har haƙora na kaɗawa, amma kafin azahar zane ya bushe ƙayau, domin iska busasshiya tana ratsa shi. Haka injin yake aiki. Fanka tana jan iskar ɗaki, iskar ta bi ta kan rezistans ta yi zafi, ta shiga ganga ta kwashi ruwan da ke jikin kaya, ta bi ta rariyar bakin ƙofa, ta fita ta tiyo. Kayan auduga kilo 7 da injin wanki ya matse a juyi 1000 a minti suna riƙe da ruwa wajen lita 4, kuma duk ruwan nan ta tiyon zai fita. In hanyar ta toshe, tururi ya tsaya cikin ganga, kaya su yi zafi su dahu ba su bushe ba. Zafin rezistans kuma ya rasa mai ɗauke shi, ya taru a akwatinsa har ya kai lambar tarmosta, tarmosta ya yanke. Biyu sun yanke maka a jere, duka biyun gaskiya suka faɗa.

Saboda haka iska za ka bi, daga ƙofa har waje.

Zare fulogi daga piriz, wato soket ɗin bango, kafin komai. Ciro rariyar, ka share ƙurar, sannan ka ɗaga ta ga haske. Sau da yawa ido zai ce tsaf take, alhali ruwan laushin tufafi da sabulu sun shafe ramukanta da wani danƙo marar launi. Zuba mata ruwa kaɗan: in ruwan ya kwanta a kai bai zube ba, iska ma ba ta wucewa. Ruwan ɗumi, sabulu da tsohon burushin haƙori sun ishe ta, amma sai ta bushe za ka mayar. In ragar ta yage, canza ta, domin ta nan ƙura ke kutsawa har wurin rezistans.

Sai ka haska ramin da rariyar ke zama, ka zura hannu. A garin nan a nan gizo ke saƙa. Daga Disamba zuwa Fabrairu injin yana shaƙar hazo tare da iska, hazon ya haɗu da ƙurar zare da tururi, ya zama wani irin laka mai ƙanƙara a bangon bututu da fukafukan fanka. Busawa ba ta fidda shi, sai an kankare. Kwance murfin fankar, ka goge kowane fiffike, ka riƙe sandar moto da hannu ɗaya ka gwada juya fankar da ɗayan. In ta juya ita kaɗai, gindinta ya cinye: moto na gudu, ita tana bin sa a hankali, ƙara kamar komai lafiya amma iska babu. Duba kuma ƙyallen da ke zagaye da bakin ganga gaba da baya. In ya siɗe, fanka tana jan iskar banza ta gefe, wadda ke bi ta kan rezistans ta ragu.

Tiyon baya faɗinsa milimita 100 ne, kada ka yarda a rage shi da ƙaramin bututun famfo don ramin bango ya yi kaɗan. Kada tsawonsa ya wuce mita 2 zuwa 3, lanƙwasa kada ta wuce biyu. Masu gida suna tura inji jikin bango har tiyon ya murƙushe. Wani tiyon kuma yana yin ciki a tsakiya, tururi ya zama ruwa ya kwanta a wurin. Fita waje ka ga bakinsa: ragar sauro da aka ɗaura don ɓera da ƙadangare tana toshewa cikin ƴan makonni, zanzaro ma yana son gina ɗakinsa a irin wannan rami. Gwaji mafi sauƙi shi ne, bayan ka sa tarmosta na gaskiya, ka cire tiyon gaba ɗaya, ka buɗe taga, ka busar da tawul uku. In sun bushe a kan lokaci, laifin tiyo ne da bango.

Akwai wani dalilin da littafin masu ƙera injin ba ya damuwa da shi, mu kuwa shi ne abincinmu: ɗaukewar wuta. In kuran, wato wutar lantarki, ya tafi inji na tsakiyar aiki, fanka ta tsaya nan take, rezistans kuwa yana nan da zafinsa, zafin ya hau ya yanke tarmosta. Haka ma in ana buɗe ƙofa a kwashe kaya kafin inji ya gama. Mintoci kamar goma na ƙarshe fanka ce kawai ke hura iska mai sanyi, kuma ba don ado aka sa su ba. Tambayi mutanen gidan ko ranar da ya mutu an ɗauke wuta. Wasu tarmostan suna da ɗan maɓalli a tsakiya da ake dannawa su dawo, wasu in sun yanke sun yanke ke nan.

In iska ta samu hanya amma har yanzu zafi na wuce kima, koma kan mai daidaita zafin. A tsofaffin injuna wani tarmosta ne na biyu a hanyar fitar iska, mai yankewa ya dawo da kansa. In bakinsa ya manne, rezistans ba ya hutawa. A masu katin lantarki, wata ƴar na'urar jin zafi ce da ake rubuta NTC a kanta. Lambarta ta bambanta daga inji zuwa inji, don haka kada ka haddace ɗaya. Ɗora mita a kanta, ka ɗumama ta da iska mai zafi: lambar ta riƙa sauka a hankali ba tsalle. In ta tsaya cak ko tana tsalle, ta lalace. Rilen da ke kan kati, wato makunnin da ke ba rezistans wuta, shi ma yana mannewa. Alamarsa, ka zaɓi busarwa da iska mai sanyi amma zafi ya zo.

Yanzu ne lokacin auna rezistans, don hankalinka ya kwanta. Zare wayoyinsa, sa mita a om. Ƙarfin da aka rubuta a jikinsa shi zai gaya maka abin da za ka gani: ninka 230 sau 230, ka raba da wat. Mai wat 2000 zai ba ka wajen om 26. Da yawa kashi biyu ne a akwati ɗaya, misali 1400 da 700, wato wajen om 38 da om 75, kowane a auna shi dabam. In ɗaya ya tsinke, zafi zai ragu, bushewa ta daɗe, amma saman inji ba zai ƙona hannu ba kamar naka. Auna kuma tsakanin kowace ƙafa da jikin ƙarfen: nan bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta nuna, wayar ta saki ta taɓa ƙarfe, kuma wannan inji yana iya jan mutum, musamman a gidan da ba a kafa wayar ƙasa ba.

Kada ka bar gidan ba ka auna kuran a piriz ba, kuma inji na aiki, ba a kashe ba. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, bolt 220 ce a takarda, amma a watan Afrilu da Mayu, da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyi, tana sauka sosai a ƙarshen layi. Zafin rezistans ba ya raguwa daidai da raguwar kuran, ya fi haka faɗuwa: mai wat 2000 a bolt 200 wajen 1500 yake bayarwa, a 180 kuwa bai wuce 1250 ba. Babu kayan gyaran da zai magance wannan. Injin yana jan amfiya 10 zuwa 11, yana son piriz nasa shi kaɗai, waya mai kauri 2.5 da dijontar, wato makunnin da ke yanke wuta in ta yi yawa, mai amfiya 16. In ka tarar da shi a kan wayar jona ta kasuwa, taɓa fulogin, za ka ji zafi.

Ka kuma tambayi yadda ake wankin. In da hannu ake matse kaya a zuba, ruwan da ke ciki yana iya ninka na injin wanki, kuma ba a ƙera injin shanya don wannan ba. In ana danna ganga har baki, iska ba ta da wurin ratsawa. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa.

Tunda za ka ci gaba da haɗuwa da wasu irin injunan shanya: wanda ba shi da tiyo, mai tara ruwa a gora, yana da wani akwatin faranti a ƙasa da ake zarowa a wanke da ruwa. Da iskar ɗaki yake sanyaya tururi, kuma an ƙera shi don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, shi ya sa a bazararmu yake jan ƙafa ko lafiyarsa lau. Na Amurka kuwa kada ka karɓa da garaje, wutarsu dabam ce, motonsa bolt 120 yake so. In moto yana gurnani bai tashi ba sai an tura ganga da hannu, kondansata ce, wato ɗan gwangwanin da ke taimaka wa moto ya tashi, galibi mikirofarad 7 zuwa 10, kuma ka sauke cajinta kafin ka taɓa. In moto na gudu ganga na tsaye, bel ne, lambarsa tana bayansa: 1930 H7 na nufin tsawon milimita 1930 da layi bakwai.

Abin da za ka saya tarmosta ne, ba rezistans ba. Lambar digirinsa tana buge a gefensa ko a gindinsa. Nemi na asalin da ka fara cirewa ka karanta, domin na kwancen da ka sa mai yiwuwa lambarsa ta yi ƙasa. Duba Kasuwar Dole da shi a hannunka, in babu sannan a yi maganar Kano, kuma kada mai shago ya lallashe ka da mai lamba sama da tasa. In ka ɗaura, matse shi ya kwanta sosai a jikin ƙarfe, canza duk bakin wayar da ya yi baƙi, ka zuba jiƙaƙƙun tawul ka zauna har inji ya gama da kansa. Iskar da ke fita ta tiyo ta tsaya tsakanin digiri 50 da 70, da ƙarfin da zai kaɗa takarda. Ka zo mini da tsofaffin tarmostan biyu in gani.