Yadda Ahmad ɗan Tulun ya tashi daga wakilin gwamna ya mallaki Masar

Ka tambaya ta yaya gwamnan da aka naɗa daga Iraƙi yake zama mai cin gashin kansa. Dubi Ahmad ɗan Tulun. Ya shiga Masar a 868 Miladiyya yana wakilin Bakbak, kwamandan Baturke da halifa ya bai wa lardin.

Abbasiyawa, wato gidan halifofin da ke mulki daga Iraƙi a lokacin, kan raba iko da gangan: soja da tsaro na hannun gwamna, haraji na hannun wani jami'i daban, ga kuma shugaban gidan waya mai kai wa halifa rahoto. A Masar, Ibnul Mudabbir ne ke riƙe da haraji, kuma sai da Ahmad ya shafe wajen shekara huɗu kafin ya sa aka ɗauke shi. Wannan ce nasarar da ta fi kowace, domin gwamnan da baitulmali ba ya hannunsa ba zai iya biyan soja ba. Boren Isa ɗan Shaikh, gwamnan Falasɗinu, ya ba shi hujjar tara rundunar bayi Turkawa da baƙar fata. Tawayen Zanj kuma, wato na bayi a kudancin Iraƙi, ya ɗauke hankalin Muwaffaƙ, ɗan'uwan halifa mai riƙe da ragamar mulki, har Ahmad ya kama Sham a 878.

Kada ka ɗauka ya yi wa halifanci tawaye a fili. Sunan halifa Mu'utamid bai fita daga huɗuba da dinarinsa ba, nasa sunan ya ƙara a kai. Ya rasu a 884, Abbasiyawa suka ƙwace Masar daga zuriyarsa a 905.

In bincike kake rubutawa, nemi malamin tarihi mai karanta littattafan Larabci na asali ya duba maka lissafin Hijira da Miladiyya.