Tambaya da Amsa: Mota ta buge ƙanena, kamfanin inshora na ja mana rai

Tambaya: Assalamu alaikum. Mota ce ta buge ƙanena yana kan babur, ya karye a cinya, yanzu wata biyu ke nan yana kwance. Mai motar ya biya kuɗin asibiti na makon farko, daga nan ya ce mu nemi kamfanin inshorarsa. Su kuma kullum sai su ce mu dawo. Za mu iya maka kamfanin a kotu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya. Kuna da damar neman diyya, amma Malam, ba kamfanin za ku fara sakawa a gaba ba. Yarjejeniyar inshora tsakanin kamfani da mai mota take, ƙanenka ba ya cikinta. Wanda ake ƙara shi ne direban da ya yi sakaci, a haɗa da mai motar in direban yaronsa ne kuma yana bakin aiki. In kotu ta yanke diyya, kamfanin ke biya a madadinsu. Saboda haka lauyanku ya rubuta wa kamfanin sanarwa tun kafin a shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha, ya adana kwafin da suka buga wa hatimin karɓa. Rashin wannan sanarwa ƙofa ce da kamfanoni ke bi su zame.

Amma tukuna, inshorar ta gaske ce? Takardun bogi da 'yan kamasho ke cusawa cikin takardun mota ba su da iyaka. A saka lambar motar a shafin NIID a intanet, wato rumbun bayanan inshorar motoci na Najeriya. In ba ta fito ba, da wuya a samu kamfanin da zai biya, sai dai a bi mai motar ya fitar daga aljihunsa. In ta fito, a kula da wannan: tun daga Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce, kuma naira miliyan 3 da ake yawan ambato iyakar ɓarnar dukiya ce, kamar babur ɗin. Raunin jiki ba ya cikin wannan iyaka.

Shari'ar nan takarda ce ke cin ta. Ana bukatar rahoton 'yan sanda da zanen wurin da abin ya faru, rahoton VIO, jami'an duba lafiyar motoci, in sun duba motar, da shaidun gani da ido. Sai rahoton likita mai bayyana irin karayar, aikin da aka yi, da ko ƙafar za ta koma daidai. Kuɗin magani, hoton ƙashi, ƙarfen da aka saka, motar zuwa asibiti, kowanne sai da rasit, domin kotu ba ta ƙiyasta irin wannan kuɗi, sai an tabbatar da shi kobo-kobo. A nan mutanenmu suka fi yin asara: a ɗauke majinyaci a kai shi wurin mai ɗori, a kashe kuɗi masu yawa babu ko guntun takarda, in ƙafa ta ɗoru a karkace kamfani ya ce ba haɗarin ne ya jawo ba. Raɗaɗi da nakasa kuwa alƙali ke kimanta su da kansa.

Kada ƙanenka ya sa hannu a wata takardar sallama, ko a ofishin 'yan sanda ko ta kamfani, kafin likita ya faɗi matsayin ƙafar. In an rubuta cewa biyan ƙarshe ne, to magana ta ƙare ko da an sake yin tiyata daga baya. Sulhu alheri ne, amma a yi shi bayan an san girman raunin.

Lokaci ma ba ya jira. Kowace jiha da wa'adinta na shigar da irin wannan ƙara, a wasu shekara 3 ne, kuma in motar gwamnati ce ana iya kafa hujja da wa'adin wata 3 kacal. Jeka-ka-dawo da kamfani ba ya tsayar da lissafin. Kuna iya kai koke a rubuce ga NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, lauya kuma yana shirya takardun kotu. A faɗa wa lauyan gaskiya in ƙanenka ba ya sanye da hular kwano ko ya shiga hannun da ba nasa ba, domin kotu na rage diyya gwargwadon nasa laifin.