Hayaƙin motar lantarki yana inda aka yi mata caji

Tambaya: Maigida, wasu na cewa motar lantarki ba ta gurɓata iska ko kaɗan, wasu kuma sun ce ta ma fi mai shan fetur ɓarna. Ina gaskiyar take?

To ɗana, ɗauko biro mu buga lissafi, don wannan magana ba a yanke ta da musu.

Duk litar fetur da inji ya ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, dizal kuwa wajen kilo 2.7. Corolla mai shan lita 8 a kilomita 100 ta saki kilo 18 ke nan. Motar lantarki mai irin girmanta tana cin yunit 15 zuwa 20 a wannan tafiya, irin yunit ɗin da kake saya a mita. Mu ɗauki 20, saboda wani abu na salwanta wajen caji. Abin tambaya shi ne daga ina yunit ashirin ɗin suka fito.

In wutar NEPA ce, mafi yawanta daga tashoshin iskar gas take, sauran daga madatsun ruwa irin Kainji, Jebba da Shiroro. Tashar gas tana fitar da wajen rabin kilo a kan kowane yunit, ruwa kuwa kusan babu. Ka ga motar ta tsaya a kilo 9 zuwa 10, rabin na Corolla. Dalili kuwa, injin fetur yana zubar da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin man a matsayin zafi, ta lagireto da salansa.

Amma wa ke samun wutar yadda yake so? Nan gizo ke saƙar. Ƙaramin janareton fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 a lita, wato lita 10 kafin ka tara yunit 20. Ka sha man da ya fi na Corolla, ka kuma hana maƙwabta barci. Babban janareton dizal ya fi dama-dama: yunit 3 da ɗoriya a lita, wajen lita 6, kilo 16. Kusan kunnen doki. Sola ce ke gyara lissafin, faifai goma masu wat 500 za su tara maka yunit 20 a yini mai rana sosai.

Sai bashin batir. Haƙo litiyom da nikel da kobalt, wanda mafi yawansa daga Kwango yake fitowa, da tace su da harhaɗa su, duk yana cin wuta mai yawa. Batir mai ɗaukar yunit 60 kan zo da tan 4 zuwa 6 na kabon a wuyansa tun motar ba ta taka titi ba. In tana rage kilo 9 a kowane kilomita 100, sai ta yi wajen kilomita 55,000 kafin ta biya tan 5. Motar haya za ta biya cikin shekara ɗaya ko biyu. Wadda ke kwana ta wuni a gareji za ta daɗe, mai dogaro da ƙaramin janareto kuwa ba za ta taɓa biya ba.

Iskar da muke shaƙa a gari kam babu gardama, mai lantarki ta yi nasara, balle a nan da ake ɓalle indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, a sayar. Ba kuma baƙin man da za a juye a kwata. Birkinta yana daɗewa domin injin lantarkin ne ke rage gudu yana mayar da caji, sai dai nauyin batir yana cinye taya da wuri.

Abin da ya shafi aikinka na makanike shi ne ran batirin, don in ya mutu da wuri bashin ya ninku. Zafi ne ke kashe shi. Tsohuwar Nissan Leaf ba ta da ruwan sanyaya batir, shi ya sa take saurin rauni a ƙasa mai zafi irin tamu. Ka faɗa wa mai mota ya riƙa ajiye ta a inuwa, ya tsayar da caji a kashi 80, kada ya bari ya sauka ƙasa da 20. Kai kuma kada ka taɓa waya mai ruwan lemo sai an cire filogin katse batir, kana sanye da safar hannu ta lantarki. Wajen bolt 400 ne a ciki.