Ƙarfen da aka saka mini a ƙugu zai iya taɓa abin da zan haifa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ciwon sikila ya cinye mini kan ƙashin cinya, har aka yi mini aikin sauya gaɓar ƙugu a Indiya a 2009. Yanzu na yi aure, sai wata ƙawata ta ce ƙarfen yana zaizayewa ya shiga jini ya lalata ƙwayoyin halittar gado. Shin hakan zai shafi jaririna? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Maganar ƙawarki tana da tushe, amma ta shafi nau'i guda ne, wato wanda ƙwallon da kwaskon da yake juyawa a ciki duk ƙarfe ne. Duk takun da mutum ya yi sai sun gogi juna, sai ɓurɓushin kobalt da kuromiyam, ƙarafan da aka yi gaɓar da su, ya taru a naman wurin, wani kuma ya bi jini har ƙoda ta tace shi. A irin wannan nau'in ne kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ASR daga kasuwa a watan Agustan 2010.

Masu bincike a Biristol ta Ingila sun ga sauye-sauye a kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar gado) na fararen ƙwayoyin jinin wasu masu irin wannan gaɓa, sai dai ganin sauyi a madubin ɗakin gwaji daban, kamuwa da cuta daban. Wani nazari da aka buga a 2012 kan marasa lafiya kimanin 40,000 a Ingila da Wales bai ga ƙaruwar sankara ba cikin shekaru 7 bayan aikin. Abin da ya tabbata shi ne ƙarafan suna ratsa mabiyiya su isa ga ɗan tayi, ko da yake a ƙasa da adadin da ke jinin uwa, kuma saboda haka ne ake kauce wa saka wannan nau'in ga matan da suke shekarun haihuwa.

Ki nemo takardar sallamarki, wadda galibi ake manna sunan gaɓar da lambarta a jiki. Idan ƙwallon tangaran ne, ko kwaskon roba mai tauri, wannan fargabar ta ragu ƙwarai. Idan kuwa duk ƙarfe ne, kafin ki ɗauki ciki likitan ƙashi ya auna kobalt da kuromiyam a jininki, a kuma duba ƙodarki, domin sikila tana raunana ta, kuma ita ce mai fitar da ƙarfen.