Wane Babur Ne Ya Dace da Doguwar Tafiya a Tsaunuka?

Tambaya: Ina shirin doguwar tafiya ta hanyoyin tsaunuka masu nisa da gari, ga hawa ga gangare, kuma babu kwalta. Wane irin babur ya kamata in saya?

Amsa: Malam, kada girman inji ya ruɗe ka. Inji mai cc 250 zuwa 400 ya wadatar, domin babur mai nauyi, idan ya kife da kai a gangare kana kai kaɗai da kaya a baya, ɗaga shi ba ƙaramin aiki ba ne. Ka nemi wanda cikinsa ya yi nesa da ƙasa don kada ya riƙa gugar duwatsu, mai ƙafar gaba inci 21 da taya mai manyan haƙora.

Iska tana raguwa yayin da ake hawa sama, shi ya sa babur mai kafireta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji, kan yi kasala a can, alhali wanda na'urar lantarki ke fesa wa injinsa mai yana daidaita kansa, ko da yake bakanike a ƙauye ya fi sanin kafireta, kuma saboda haka ni mai kafireta nake fifitawa.

Ka duba girman tanki, sannan a gangare ka sauko da ƙaramar giya maimakon danne birki har ya yi zafi ya daina kamawa.